Yadda ake ƙera samfurin jirgin Junkers F 13 da kwali da kara

Duk wanda ya yi ƙuruciya yana haɗa motar kara ko ta langa-langa yana da rabin ilimin da wannan aiki ke buƙata. Sauran rabin shi ne sanin jirgin da za a kwaikwaya, domin F 13 ba a gina shi yadda aka gina jiragen zamaninsa ba, kuma wanda bai gane hakan ba zai ƙare da wani abu mai fuka-fuki da ba ya kama da komai.

Ranar 25 ga Yuni, 1919 jirgin ya fara tashi a garin Dessau na ƙasar Jamus, kwana uku kafin a sa hannu kan yarjejeniyar Versailles, wato yarjejeniyar zaman lafiya da aka ƙulla da Jamus bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kamfanin Hugo Junkers ne ya ƙera shi, injiniya Otto Reuter ya jagoranci zanen. Kafin wannan jirgi an gwada sanya fasinja cikin rufaffen ɗaki. Maƙerin jirage Louis Blériot ya yi wa wani attajirin Faransa irin wannan jirgi a 1911, Igor Sikorsky kuma ya gina wani jirgi mai suna Ilya Muromets a Rasha a 1913, har da makewayi a ciki. Amma dukansu da katako da yadi da wayoyi aka harhaɗa su. F 13 shi ne jirgin fasinja na farko da aka yi jikinsa gaba ɗaya da ƙarfe, fiffike guda ɗaya a ƙasan jiki, babu sanda ko waya da ke riƙe da shi daga waje. Fatarsa kuma mai ƙwarya-ƙwarya ce kamar kwanon rufi. Wannan fata ita ta sa na zaɓe shi, saboda cikin kowane kwalin kaya akwai irinta a ɓoye, ɓarewa kawai take jira.

Awo da kayan aiki

Jiragen farko faɗin fiffikensu mita 14.8 ne, tsawon jiki kuma kusan mita 9.6. Idan ka raba kowanne gida 20, za ka sami fiffike mai santimita 74 da jiki mai santimita 48. Wannan girma ya fi daɗin aiki. In ya gaza haka yatsa ba ya shiga ɗakin fasinja, in ya wuce kuma kwali ya fara lanƙwashewa da nauyin kansa. A wannan awo mutum mai matsakaicin tsayi santimita 8 da rabi ne, ka riƙe wannan a ka lokacin yanka ƙofa da kujeru. Sauran awon da zan ambata a gaba na aikin samfuri ne, na daidaita su da ido daga hotuna, don haka ka nemi hoton jirgin ta gefe da ta gaba a intanet ka ajiye kusa da kai. An fitar da nau'i-nau'i na jirgin cikin shekaru goma sha uku, har aka ƙara wa na baya faɗin fiffike zuwa mita 17.75, saboda haka ka tsaya kan hoto ɗaya, kada ka ɗauki hanci a nan wutsiya a can.

Kwali iri biyu za ka nema. Mai kauri, irin na taliya ko sabulu, shi ne na ƙashi. Na fata kuma sai mai ƙananan layuka, irin wanda ake sako fitila mai caji, rediyo ko tukunyar lantarki a ciki. Masu shagon kayan wuta sukan zubar da shi. Ƙanƙantar layin ita ce kyan aikin, don kwalin taliya idan aka yi fata da shi jirgin sai ya fito kamar rumfar mai shayi. Sai farin gam na kafintoci, sabuwar reza, almakashi, rula, fensir, samfefa, tsinken tsire kamar ashirin, busasshen kara mai kauri, sifok ɗin keke biyu, filaya, marfin roba biyu masu faɗin santimita 4, farar gorar ruwa wadda ake gani ta cikinta, robar ɗaure kuɗi, fenti ruwan azurfa da baƙi. Idan yaro ne zai yi aikin, babba ya riƙe rezar.

Ɓare fata

Da wannan za ka fara, domin sai ta kwana ta bushe. Shimfiɗa kwalin mai ƙananan layuka, ka jiƙa soso ka matse shi sosai, ka shafa a fuska ɗaya kawai. Jira minti uku zuwa biyar, sannan ka kama kusurwa ka ja takardar saman a hankali. Inda ta ƙi, zura tsinke cikin ramin layin ka tura, za ta ɗago. Karon farko da na gwada, gaggawa ta sa na tsoma kwalin cikin bahon ruwa, ya rabu gida uku, layukan suka miƙe, na tashi da tulin jiƙaƙƙiyar takarda. Danshi ake so, ba wanka ba. Ka ɓare fiye da abin da kake zaton zai isa, kamar faɗin tabarmar sallah, ka danne da littattafai ko faranti mai nauyi. Lokacin hunturu yana bushewa da wuri amma yana nannaɗewa, kada ka bar shi ba danni.

Kafin ka ci gaba, ɗauki guntu ka lanƙwasa shi ta bin layi, sannan ka gwada ta ƙetare layi. Ta farko zai bi ka kamar tabarma, ta biyu zai yi gardama. Dabarar Junkers ke nan a tafin hannunka. Jirginsa na ƙarfe na farko, J 1 na 1915, da baƙin ƙarfe aka yi shi, ya yi nauyi har aka yi masa laƙabi da jakin kwano. Daga baya ya koma ga duralumin, wato alminiyam da aka gauraya da ɗan jan ƙarfe, mara nauyi amma falle ɗaya ba ya da ƙarfi. Da aka yi masa ƙwarya-ƙwarya sai ya tsaya da kansa. Dokar da ba a karyawa a samfurinka ita ce: ko'ina layukan daga gaba suke tafiya zuwa baya, yadda iska ke bi. A jiki daga hanci zuwa wutsiya, a fiffike daga bakin gaba zuwa bakin baya. Wanda ya shimfiɗa su daga wannan ƙarshen fiffike zuwa wancan ya yi jirgi, amma ba Junkers ba.

Fiffike, wanda shi ne tushen gini

Yawancin masu haɗa jirgin wasa jiki suke fara yi, sannan su manna fiffike hagu da dama. A nan akasin haka za ka yi. A jirgin gaske tsakiyar fiffike ita ce ƙasan ɗakin fasinja, a kanta aka ɗora jiki, ƙafafun saukar ma a jikinta suke. Hikimar ita ce idan an yi mummunar sauka, wannan ƙaƙƙarfan ɓangare ne zai fara shan dukan ƙasa kafin ya iso ga mutane.

Zana fiffiken a kan kwali mai kauri: tsawo 74, faɗi 14 a tsakiya, yana tsukewa zuwa 10 a kowane ƙarshe. Ka bar santimita 14 na tsakiya a miƙe. A iyakar wannan yanki, hagu da dama, ka ɗan tsaga kwalin da reza ba tare da ka raba shi ba, ka ɗaga kowane ƙarshe sama da santimita 2 da rabi, ka tokare da akwatin ashana har gam ya kama. Wannan ɗan ɗagawa shi ke ba jirgi daidaito a iska, kuma ana ganinsa sarai a hoton gaba.

Yanzu haƙarƙari. Yanke su da siffar kifi: ƙasa a miƙe, sama a tanƙware, kauri a gaba, sirantaka a baya. Na tsakiya tsayinsa 2 da rabi, na ƙarshe 1, na tsakaninsu suna raguwa a hankali, tazarar santimita 6. Kada kaurin ya ba ka tsoro. A wancan zamani mutane da yawa sun ɗauka fiffike sai ya zama siriri kamar takarda kafin ya yanka iska, shi ya sa ake tokare shi da sanduna da wayoyi. Junkers ya gwada a ramin gwajin iska, wato inda ake hura wa samfuri iska a auna, ya tabbatar fiffike mai kauri yana tashi lafiya, kuma cikinsa na ɗaukar bututan ƙarfe da za su riƙe shi. Kai ma haka za ka yi: huda kowane haƙarƙari wuri biyu, ka zura tsinken tsire su ratsa, inda tsinke ya ƙare ka haɗa da wani, su haɗu da kamar santimita 3, ka ɗaure da zare ka shafe da gam. A bakin gaba ka manna tsinke ɗaya daga farko har ƙarshe.

Rufe fiffike shi ne wurin da haƙuri ke ƙarewa, don a nan dole fata ta tanƙwara ta inda ba ta so. Kada ka ce za ka naɗe fiffike da falle ɗaya, zai karye a bakin gaba. Yi sama daban, ƙasa daban, su haɗu a kan tsinken nan. Na ƙasa a miƙe yake, ba wahala. Na sama ka yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace ta rufe tsakanin haƙarƙari biyu ko uku, ka ɗan huro mata danshi ta bayanta mai santsi, ka kwantar da ita a jikin kwalba kana shafawa da tafin hannu har ta ɗauki lanƙwasa. Sannan gam a kan haƙarƙari, ka ɗora, ka riƙe da robar ɗaure kuɗi. Kada robar ta matse har ta murƙushe layi. Mahaɗar gunduwoyin ba aibi ba ce, jirgin gaske ma falle-falle aka haɗa fatarsa. Ka bar tsakiyar sama mai faɗin santimita 7 ba fata, nan jiki zai zauna.

Ɗakin fasinja

Yanke gefen jiki guda biyu iri ɗaya daga kwali mai kauri, tsawo 45, sauran ukun na wutsiya ne. Daga hanci zuwa 10 wurin inji ne, 10 zuwa 15 mazaunin matuƙa, 15 zuwa 26 ɗakin fasinja mai tsayi 9, daga nan ya riƙa zubewa har ya zama 2 a ƙarshe. A ƙasan kowanne ka yanke gurbin da zai hau kan fiffike, ta yadda bakin gaban fiffiken zai faɗo wajen santimita 10 daga hanci. Ka haɗa gefunan biyu ka yanke su tare, in ba haka ba taga ɗaya za ta fi 'yar'uwarta tsayi. Ƙofa da tagogi tun yanzu za ka huda su, kana ƙirga su daga hotonka. Sai bango huɗu, ukun farko masu faɗin 7: bayan inji, bayan matuƙa, bayan fasinja, da wani ƙarami a tsakiyar wutsiya. Manna su, ka haɗe ƙarshen gefunan biyu a baya, ka duba daga sama ko jikin ya miƙe. Idan ya karkace yanzu, har abada a karkace yake.

Kada ka rufe sama sai ka gama ciki, don ɗakin nan shi ne dalilin jirgin. Mutum huɗu yake ɗauka: kujeru biyu a gaba, benci mai cin mutum biyu a baya. A 1919 yawancin masu biyan kuɗi su hau jirgi tsofaffin jiragen yaƙi ake cusa su ciki, da rigar fata da tabarau, iska na dukan fuska. A F 13 kuwa mutum zai zauna kan kujera mai laushi da tufafinsa na gari, ga taga, ga ɗumi, har da bel na ɗaure jiki, abin da motoci ba su saba da shi ba sai bayan shekaru masu yawa. Fere kujerun daga totuwar kara, tsayin mazauni 2, jingina 3, ka lulluɓe da ƙyalle mai duhu, ka yi bel da siririn zare ko tsinken leda. Gilashin taga daga gorar ruwa za ka yanka, ka zaɓi inda ba ta da ado, ka manna ta ciki da farin gam. Gam mai kamawa nan take yana sa roba ta yi hazo fari, kada ka kusanto da shi.

Abin da ke ba ni dariya game da jirgin shi ne matuƙa. Fasinja na ciki cikin rufin asiri, su kuwa mutum biyun da ke gaba, gefe da gefe, an bar musu wurin a buɗe, sai ɗan gilashin tare iska. Matuƙan lokacin sun fi yarda da abin da fuskarsu ta ji da abin da kunnensu ya jiyo. Don haka kada tausayi ya sa ka rufe musu. Ka bar ramuka biyu, hagu da dama, da ɗan ginshiƙi a tsakani.

Rufe jiki da fata abu ne mai sauƙi tunda layi na bin tsawo. Falle ɗaya zai iya hawa daga wannan gefe ya zagaya rufi ya sauka wancan. Ka ɗora, ka danna da yatsa ka gano ramin taga, ka yanke. Wajen wutsiya inda jiki ke tsukewa, yi gefe daban, sama daban.

Hanci, ƙafa da wutsiya

Injin jirgin mai silinda shida ne a jere, ruwa ke sanyaya shi. Da Mercedes mai ƙarfin doki 160 aka fara, sannan aka koma BMW mai 185, gudunsa kuwa wajen kilomita 170 a awa. Saboda haka hancin dogo ne, siriri, gabansa a daƙile saboda lagireto. Yanke kwali mai faɗin 5 da tsayi 6, ka manna masa guntun ragar sauro, ya zama lagireto. Abin da ke sa a gane jirgin daga nesa shi ne salansar da ta miƙe sama daga kan inji ta tanƙwara baya kamar ƙaho. Fere ta daga totuwa, tsayi 4, ka shafa baƙi. Farfela mai kunne biyu ce ta katako. Sandar alawa ko ɓawon kara mai kauri ya isa, tsawo 14, ka goge kowane kunne da samfefa a karkace, ɗaya ta nan ɗaya ta can. Huda tsakiya ka sa ƙusa ƙarama, da ɗan dutsen ado tsakaninta da hanci don ta riƙa juyawa.

Ƙafafu: lanƙwasa sifok da filaya ya ba ka siffar V guda biyu, tsayi 6, ka soke ƙarshensu cikin ƙasan tsakiyar fiffike inda haƙarƙari yake, ka cika da gam. Wani guntun sifok mai tsawon 12 ya ratsa ƙasansu, marfin roba a kowane ƙarshe. Baya babu taya, ɗan ƙarfe ne mai jan ƙasa, guntun waya ya wadatar. Wutsiyar kwance faɗinta 24, ta tsaye tsayinta 7, kwali falle ɗaya da fata a fuska biyu, layi dai gaba zuwa baya.

Sai haɗawa. Shafa gam a gurbin, ka ɗora jiki a kan fiffike, ka auna daga ƙarshen kowane fiffike zuwa wutsiya da zare. In tsawon biyu ya zo ɗaya, ka danne ka bar shi ya kwana.

Fenti da suna

Kwali mashayin fenti ne. Ka fara dama farin gam da ruwa, kashi ɗaya gam kashi biyu ruwa, ka shafa siriri ka bari ya bushe. Sannan ruwan azurfa, shafa biyu marasa kauri, burushi na bin layi. In ka cika fenti zai taru a ramukan ya shafe wahalar da ka sha. Mai amfani da na feshi ya rufe tagogi da takarda, ya yi a waje. Hanci har zuwa wurin matuƙa baƙi ne a yawancin hotuna, haka ma ƙafafu.

Jiragen gwaji biyu na farko sunayen 'ya'yan Junkers mata aka sa musu, Herta da Annelise. Jirgi mai suna Annelise ne ranar 13 ga Satumba, 1919 matuƙi Emil Monz ya hau da shi mita 6,750 da mutum takwas a ciki, jirgin da aka yi don shida. Ni sunanta nake rubutawa a gefen hanci da farin fenti da bakin tsinke. Rubutu a kan ƙwarya-ƙwarya yana da wuya, don haka manyan haruffan jiki ka yanke su a baƙar takarda ka manna, ka bi da tsinke kana danna su cikin ramuka.

An ƙera F 13 guda 322 zuwa 1932, kuma ba duka ne ke da taya ba. A Kolombiya kamfanin SCADTA, wanda Avianca ta yau ta samo asali daga gare shi, ya sa musu kwale-kwale biyu a ƙasa suna sauka a kogin Magdalena tun 1920. A Finlan kamfanin Aero, wanda ya zama Finnair, da F 13 ya fara jigila tsakanin Helsinki da Tallinn a 1924, kan ruwa da rani, kan ƙanƙara da sanyi. Idan irin na kogi kake so, cire marafan, ka fere kara biyu masu tsawon 28, gabansu ya ɗan ɗaga sama, ka ɗaure su a ƙasan sifok ɗin, ka ƙara V ɗaya a baya ga kowanne.

Samfurin nan na kallo ne, ba ya tashi, kwali ya yi masa nauyi. In rataye shi za ka yi, ɗora shi kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, wajen kashi ɗaya cikin uku daga bakin gaba. Yawanci zai rinjaya baya. Cire lagireton ka cusa ƙananan ƙusoshi cikin hanci, ɗaya bayan ɗaya, har ya tsaya daidai, sannan ka mayar ka manne. Zare uku za ka ɗaura, biyu a gindin fiffike ɗaya a wutsiya, ka rataye shi nesa da fanka da inda rufi ke yoyo da damina.